Masu Hawa Falwaya: Daga Wayar Tangarahu Zuwa Wayar Gilashi

Yadda aka saba ba da tarihin wutar lantarki da na waya a ƙasar nan, jerin sunaye ne. P&T ta zama NITEL, ECN ta zama NEPA, NEPA ta zama PHCN, ita ma aka yanyanka ta aka sayar. Ana faɗin shugaban da ya sa hannu a doka da ministan da ya zo bikin buɗewa. Wanda ba a ambato shi ne mutumin da ya haƙa ramin, ya ɗaga sandar, ya hau samanta da bel a ƙugu ya ɗaure wayar. Alhali babu ƙwan fitilar da ya taɓa kamawa a ƙasar Hausa, babu gaisuwar da ta taɓa tafiya daga Kano zuwa Ikko ta waya, sai da gumin wannan mutum a ciki.

A gidan irinsa na tashi. Mahaifina ya shiga ma'aikatar gidan waya, wato P&T, yana lebura 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ya bar aiki yana shugaban ayarin masu gyaran layi. Ni kuma Allah Ya kai ni ɓangaren wuta, ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin fasaha. Kowace shekara sai ɗalibai sun yi mini tambaya guda: "Malam, wannan aikin layin, akwai gaba a cikinsa kuwa?" Amsar tana da tsawo, domin ba a gane inda sana'ar nan ta dosa sai an san inda ta fito.

Wayar da ta bi sawun soja

Kafin zuwan Turawa da ƙafa saƙo yake tafiya, ta mutum ko ta doki. Wasiƙar Sarkin Musulmi zuwa Kano sai ta yi kwanaki a jakar manzo, labarin kasuwar Gwanja kuwa sai fatake sun dawo ake jin sa. A 1886 aka haɗa Ikko da Landan da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Dab da 1900, lokacin da Ingila da Faransa suke rige-rigen mallakar ƙasashen bakin Kwara, aka ja layi daga Ikko zuwa Jebba da Lakwaja saboda rundunar da Lugga ya kafa. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, waya ta ci gaba da bin sawun soja, daga Zungeru inda hedikwata take, zuwa Zariya da Kano da sauran manyan garuruwan larduna. Ba don talaka ya gaisa da ɗan'uwansa aka ja ta ba. An ja ta ne don Razdan ya sanar da Gwamna halin da ake ciki kafin rana ta faɗi, a turo soja in da bukata.

Turawan da suka san aikin 'yan kaɗan ne. Kakanninmu ne suka yi dako. Sandunan yawanci na ƙarfe ne, domin gara da gobarar daji ba sa ƙyale itace, kuma a ka ake ɗaukar su, da su da naɗin waya da kwandunan tangaran ɗin da ake ɗaure wayar a kai. Ta hannun hakimai da dagatai ake tara mutanen, sau da yawa ba da son ransu ba. Su za su sare daji, su haƙa ramuka, su kwana a inda dare ya yi musu.

Daga cikin waɗannan leburori aka samu rukunin farko na masu sana'ar. Layin farko waya ɗaya ce tal, ƙasa ce hanyar da wutar ke komawa. In ta tsinke a wuri guda, ko iskar damina ta kwantar da reshe a kanta, lardi ɗungurungum ya yi shiru ke nan. Saboda haka aka ajiye masu kula a zango-zango, kowa da yankinsa. Da an ce layi ya mutu, sai ya ɗauki filaya da guntun waya da gorar ruwa ya bi sanduna ɗaya bayan ɗaya har ya iske inda matsalar take.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara wa wayar aiki. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin dogo, domin ba a sakin jirgi daga tasha sai ta gaba ta ba da izini. Da cinikin gyaɗa ya kankama, ta waya farashi yake isowa ga kamfanonin da ke saye a Kano. Sannu a hankali talaka ma ya samu ƙofa: ya je gidan waya ya buga talgiram, ana lissafa masa kuɗi kalma-kalma. Shi ya sa saƙon yake gajere, kuma in ɗan aike ya yi sallama da shi a ƙofar gida sai gaban mutane ya faɗi, don galibi rasuwa ce ko kiran gaggawa.

Ranar da aka kafa sanda

Wutar lantarki ta fara ne a Ikko a 1896, amma ta daɗe kafin ta hauro. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da ita daga ruwan Kurra a tsaunukan Jos saboda masu haƙar kuza. A Kano, En'e ce da kanta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta kafa injin wuta da na ruwan famfo a Challawa wajajen 1930, da kuɗin baitulmalinta. Katsina ta biyo baya. A wancan lokaci kowane gari da injinsa da 'yan layukansa, babu abin da ya haɗa wutar Kano da ta Kaduna. Hukumar ECN, wadda ta fara aiki a 1951, ita ta tattara waɗannan ƙananan tashoshi a hannu ɗaya.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne Kainji. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Kwara, a 1968 aka kammala madatsar, wadda aka tsara ta ba da megawat 960. Wuta mai yawa haka a tsakiyar daji ba ta da amfani sai an kai ta inda mutane suke. Sai aka kafa manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da kilobolt 330, suka ratsa ta Jebba da Kaduna har Kumbotso a gefen Kano. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun aka samu NEPA. A 1976 layi mai kilobolt 132 ya tashi daga Birnin Kebbi ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. Madatsar Jebba ta zo a 1985, ta Shiroro a 1990.

Daga nan ma'aikatan suka kasu biyu. Akwai na manyan turaku, masu yin watanni a daji suna harhaɗa ƙarfe da noti suna hawa inda kallonsa ma daga ƙasa sai da dakiya. Akwai kuma na cikin gari, waɗanda ke karɓar wutar bayan an sauke ƙarfinta zuwa kilobolt 33 da 11, har taransifomar unguwa ta mayar da ita wadda za ta shiga gida.

Ina yaro na ga aikin na biyun da idona, lokacin da hukumar kai wuta karkara ta iso garin kakannina na wajen uwa a farkon shekarun 1980. Motar ta sauke sandunan katako baƙaƙe masu warin maganin gara a bakin kasuwa. Ramin kowace sanda sai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawonta. Babu injin ɗagawa. Ana sa gindin a bakin rami, wasu su tallafa da kafaɗa, wasu su ja da igiya ta ɓangare uku, helma yana gefe yana ba da murya, samarin gari suna taya su ba tare da an roƙe su ba. In ta miƙe, sai helma ya ja da baya ya riƙe zare mai dalma a gaban idonsa ya auna ta, sannan a cika ramin da duwatsu a daddaɓe. Inda layi ya yi kwana sai a ɗaure sandar da wata waya zuwa ƙasa don kada nauyi ya rinjaye ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jan wayar. Wani dattijo ya ga sun bar ta da ɗan lanƙwasa tsakanin sanda da sanda, ya ce, "Samari, ku ƙara ja mana ta miƙe." Helma ya ce, "Baba, yanzu bazara ce, ƙarfe ya saki jiki. In muka ɗaure ta tam, sanyin hunturu na zuwa za ta tsuke ta tsinke, ko ta karya tangaran." A cikin wannan amsa akwai ilimin da yanzu nake cika allo da lissafi kafin ɗalibaina su gane shi. Mutumin nan bai wuce firamare ba, amma wani ya koya masa, shi ma yana koya wa na bayansa.

Jakar Baba

Wayar tarho ta kasance abin masu hali. Lokacin samun mulkin kai a 1960, layuka 18,724 ne a ƙasar baki ɗaya. A 1985 aka cire ɓangaren tarho daga P&T aka haɗa shi da hukumar kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Wanda ya yi wayo a lokacin bai manta lambobin garuruwa ba: 064 Kano, 062 Kaduna, 065 Katsina, 060 Sakkwato, 076 Maiduguri.

Jakar aikin Baba, mahaifina, ta kanbas ce, tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, ba mai taɓa ta. A ciki akwai filaya iri biyu, wuƙar fere waya, ƙaramin littafi mai ɗauke da lambobin layukan yankinsa, da kan tarho na gwaji mai 'yan maƙalai biyu a bakin wayarsa. In ya hau sanda ya maƙala su a layi, zai ji ko layin na da rai, ya kira ofis daga can sama. Amma aikin da ya fi alfahari da shi na ƙarƙashin ƙasa ne. Babbar waya guda tana ɗauke da ɗaruruwan siraran wayoyin tagulla, bibbiyu-bibbiyu, kowane gida da nasa biyun. Tsofaffin an naɗe su da takarda an rufe da dalma. Da damina ta sauka ruwa ya samu kafa a mahaɗa, sai layuka su cakuɗe, ka ɗaga waya ka ji hirar wasu. Baba zai shiga rami da fitila, ya buɗe mahaɗar, ya busar da ita, ya bi wayoyin ɗaya-ɗaya yana gwadawa da abokin aikinsa da ke can ɗaya ƙarshen, sannan ya narka dalma ya shafe bakin da tsumma har ya yi sumul. Kuskure ɗaya, wayar asibiti ta koma shagon mai yadi.

Akwai wata doka da yake kafa wa duk yaron da aka kawo masa. Na ji ya faɗa wa wani sabon ɗauka a zaurenmu: "Kai yaro, za ka ji maganar mutane a kan falwaya, ta Alhaji da ta Hajiya da ta gwamnati. Abin da kunnenka ya ji a sama, a sama za ka bar shi. Ran da ka sauko da shi, ka bar ayarina." Yaron ya ce, "To, Oga." Amana tana cikin abin da ake koyarwa, tare da ɗaurin bel da haɗa waya.

Koyon kuwa yana da matakai. Ka fara da riƙe tsani da miƙa kayan aiki. Sai an ga hankalinka za a bar ka ka hau. Daga nan a tura ka makarantar horo, a Oshodi ko a Kano, ka zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, kowane da ƙarin albashi. A ƙarshe akwai fansho. Wannan tsani na ci gaba shi ne ya sa ɗan talaka yake shiga yana lebura ya fita yana mai gida da 'ya'ya a jami'a.

Ba wai komai lafiya lau yake ba. Mutane sun yi shekaru suna jiran layi, kuma a cikin ma'aikata akwai waɗanda sai an ba su na goro suke hawa sanda. Zuwa shekarar 2000, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 layukanta ba su wuce kimanin 400,000 ba.

Da kiɗa ya sauya

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. A Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki, Globacom ta shigo a 2003. Cikin 'yan shekaru mai sayar da ruwa ma ya riƙe waya a aljihu, tarhon tebur ya koma kayan ado. NITEL ta yi ta sauya hannu har aka sayar da kadarorinta wajajen 2015, ma'aikatanta da yawa suka daɗe suna bin haƙƙoƙinsu. Wayoyin tagullar da aka yi shekaru ana binnewa, ɓarayi suka tone su suka kai wa 'yan gwangwan.

Baba ya riga ya yi ritaya, amma yaransa suna tsakiyar ƙarfinsu, kuma a kansu na ga yadda sana'a take tace mutanenta. Waɗanda suka ce su tagulla kawai suka sani, sun ƙare a acaba da tireda. Waɗanda suka yarda cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, su suka tsira. Ashe wayar da ake ce wa marar igiya ma da igiyarta. Kowane ƙarfen sabis sai an hau shi an ɗaura eriya an saita faranti ya kalli na gaba, kuma manyan hanyoyin da ke haɗa su da juna da kuma wayoyin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, duk waya ce a binne, sai dai ta gilashi.

Ɗaya daga cikin yaran Baba, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya taɓa kai ni inda yake haɗa irin wannan waya a gefen titi, bayan motar masu gyaran hanya ta tsinke ta. Zaren gilashin bai fi silin gashin kai kauri ba. A cikin mota yake aikin, tagogi a rufe, saboda ƙurar hunturu ɗaya in ta hau bakin zaren ta ɓata haɗin. Ya fere shi, ya goge, ya yanke bakin daidai, ya sa a wata 'yar na'ura da ke saita bakunan biyu ta narka su su zama ɗaya. Wata na'urar kuma tana harba haske a cikin zaren ta gaya masa nisan inda ya tsinke. Ya ce mini, "Malam, abin da Oga yake yini yana nema a ƙafa, wannan cikin minti ɗaya take nuna mini. Amma haƙurin bin waya ɗaya-ɗaya, da tsabtar hannu, a wurinsa na samo."

Tsanin da ya karye

A ɓangaren wuta sauyin ya zo ta wata fuska. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mayar da NEPA PHCN, aka raba ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na dako 1, na rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa yawancin na rarrabawa ga 'yan kasuwa. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfani ɗaya, Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara wani, haka Jos da Yola. Aka sallami tsofaffin ma'aikata, aka sake ɗaukar wasu, aiki mai yawa ya koma hannun 'yan kwangila da ma'aikatan wucin gadi. An kafa cibiyar horo ta NAPTIN a 2009, tana da rassa a Kainji da Kaduna da Kano da Jos, amma waɗanda ke ratsa ta ba su kai yawan waɗanda ke hawa sanda kullum ba.

Giɓin da aka bari, ɗan unguwa ne ya cike shi. Kowace unguwa yanzu tana da yaron da ake kira in fis ya ƙone ko ana son sauya layi. Ba hular kwano, ba safar hannu, silifas ne a ƙafarsa. Jama'a su yi karo-karo su sayi waya, wani lokacin har taransifoma, shi kuma ya hau. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa kashe layi bai isa ba: sai an kulle makunnin, a gwada a tabbatar babu wuta, sannan a haɗa wayoyin da ƙasa ta gaba da ta baya kafin hannu ya taɓa su.

Wannan mataki na ƙarshe ne ya ci ran wani matashi a unguwarmu, mai yi wa wani ɗan kwangila aikin yini. An kashe layin, kowa ya shaida. Yana sama wani gida suka tayar da janareta ba tare da canjoba ba, wato makunnin da ke raba gida da layin waje. Wutar ta koma baya ta bi waya ta same shi. Da an ba shi sandunan haɗa layi da ƙasa, da can wutar za ta bi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sakaci ma yana da masu shi. Ya bar mata da jariri, babu inshora, babu takardar da ta nuna ma'aikacin wani ne.

Ga kuma haɗarin da Baba bai san shi ba. A Janairun 2021 'yan bindiga suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri. Ma'aikatan da suka je gyara sai da rakiyar soja, wasunsu motarsu ta taka nakiya. Aka gyara, aka sake fasawa, Maiduguri ta yi kusan shekara a duhu. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke shigowa ta Makurɗi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako ba wuta. Masu niƙa, masu walda, masu ƙanƙara, asibitoci, kowa ya ji a jikinsa. Waɗanda suka shiga daji suka ɗaga turakun nan, ko sunan ɗaya daga cikinsu ba mu sani ba.

To, akwai gaba?

Aiki kam akwai, har ya fi ƙarfin masu yinsa. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar layin ƙasa, kuma kaso mai tsoka a Arewa suke. Tashoshinmu a rubuce za su iya ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, kuma raunin layuka na cikin manyan dalilai. Madatsar Zungeru mai megawat 700 ta shigo. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ɗauki alkawarin kai wuta ga mutum miliyan 300 a nahiyar kafin 2030. A 2024 gwamnatin tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000. Ko rabin waɗannan aka cika, za a nemi dubban hannaye.

Wasu ɗalibaina suna tsoron sola za ta yi wa layin wuta abin da salula ta yi wa tarho. Farantin da ke kan rufin gida ɗaya ba ya bukatar falwaya, gaskiya ne. Amma ƙaramar tashar sola da za ta ciyar da ƙauye ko kasuwa, sai an kafa sanduna an ja waya zuwa kowane shago. Masana'antun Sharaɗa da Bompai kuwa ba za su tashi da batirin gida ba. Kuma har yau ba a ƙera na'urar da za ta shiga lungun Fagge da tsani bayan ruwan sama ta ɗaure wayar da ta faɗi ba.

Sai dai yawan aiki daban, aikin da zai riƙe mutum da iyalinsa daban. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, sana'ar ba ta taɓa mutuwa ba. Ƙarfe ya ba tagulla wuri, tagulla ta ba gilashi, mai hawa sanda yana nan. Abin da ya lalace shi ne tsarin da ke ɗaukar yaro ya koya masa, ya ba shi kayan kariya, ya ɗaga shi mataki-mataki, ya kula da iyalinsa in ya faɗi.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina abu uku. Kada ku tsaya a waya iri ɗaya: wanda ya iya layin kilobolt 11, ya iya haɗa sola da sanya mita, ya kuma iya haɗa zaren gilashi, ba zai zauna ba aiki ba. Ku nemi takardar shaida, domin ita ce bambancin mai sana'a da ɗan ga-ruwa a idon kamfani. Na uku, kada ku hau layin da ba ku gwada da hannunku kun haɗa shi da ƙasa ba, ko wane ne ya ce muku an kashe.

Sauran nauyin yana kanmu. Kamfanin da ya ba da kwangila ya tabbatar duk wanda zai hau sandarsa yana da horo da kayan kariya da inshora, hukumomin da ke sa ido kuma su hukunta wanda ya ƙi. Jihohin da suka karɓi ikon wuta su fara da makarantun fasaharsu, su kafa filin sanduna a kowace, yaro ya koyi hawa a inda babu wuta kafin ya je inda take. Mu jama'a mu sa canjoba a gidajenmu, mu daina huce haushin kuɗin wuta a kan yaron da aka aiko da tsani, domin ba shi ya yanka farashi ba. Sannan akwai tsofaffin ma'aikatan layi a kowane gari, suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara talatin a kansu, kuma kullum raguwa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani. A kira su cikin makarantun nan, a biya su, su tsaya a gindin sanda su koya wa yaranmu yadda ake hawa a sauko lafiya.